Kumburin jijiyar hanta: a yi aiki ko a jira?

Hajiya Ladi: Assalamu alaikum. An yi wa ƙanwata hoton ciki saboda wata matsala daban, sai aka ga babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta ta kumbura, santimita 2 da rabi. Ba ta jin ciwon komai. Hankalinmu ya tashi, don Allah ku ba mu shawara.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Hajiya, a fara duba hantar tukuna. Sau da yawa ciwon hanta ne ke sa jini ya taru a wannan jijiyar har ta buɗe, wasu kuma da kumburin aka haife su.

Anti Rabi: Gaskiya ne. Na daɗe ina aiki a ɗakin tiyata, irin wannan sau ɗaya na taɓa gani. Ba a ma bayyana shi a rubuce ba sai a 1956. Idan kumburin bai kai santimita 3 ba, kuma ba ciwo, galibi likitoci sa ido suke yi, ana maimaita hoton Doppler, wanda ke nuna yadda jini ke gudana a jijiya, duk bayan 'yan watanni. Abin da ke kai mutum ga wuƙa shi ne ya ci gaba da girma, ko jini ya daskare a ciki, ko ya danne hanyar matsarmama ido ya yi ɗorawa, ko ya fashe.

Maman Sadiq: Na mijina ya kai santimita 4, ga gudan jini a ciki. Sai da aka fara ba shi heparin, maganin hana jini daskarewa, daga baya aka yanke wurin da ya buɗe aka ɗinke jijiyar ta koma daidai. Da bangon ya lalace sosai, dashen wata jijiya za a yi masa. Ki nemi likitan da ya saba aikin hanta da jijiyoyin jini, kuma ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yin irinsa.

Hajiya Ladi: Na gode. Anti, da me za mu je wurinsa?

Anti Rabi: Hoton CT mai allurar rini da sakamakon gwajin hanta. In kuma ta ji ciwon ciki mai tsanani ko ta yi aman jini, a kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.