Canza lasifikar amfilifayar jita: ko ta masu kiɗan DJ za ta yi?

Mai Jita, daga wajen Gumel:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sauti. Ina kaɗa jita a bukukuwan aure da na suna a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari, kuma yawancin kiɗana salon mutanen Agadez ne, wanda yake son sauti tar, a ji kowace tsirkiya daban. Amfilifayata ta gwanjo ce, mai taransisto, an rubuta wat 40 a bayanta, lasifika ɗaya ce a ciki mai faɗin inci 12, kuma a inda wayarta take shiga an rubuta om 8. Tun bayan hunturun bana sautinta ya dushe, idan na taɓa manyan tsirkiyu sai in ji wani kurari yana bin sautin, musamman idan na ƙara murya a fili. Wani abokina mai kiɗan DJ ya ce zai sayar mini da lasifikarsa mai wat 200, ita ma inci 12, amma om 4 ce, ya ce tun da ta fi tawa ƙarfi sau biyar, sautin zai fi tashi. Shin in karɓa in ɗaura? Idan kuma ba ta dace ba, wace iri ya kamata in nema a Kano?

Mai gyaran rediyo, Ringim:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗaura wannan lasifikar. Om shi ne ma'aunin yadda lasifika take tare wutar da ke bi ta cikinta. Amfilifayar da aka rubuta mata om 8, idan aka haɗa ta da lasifika mai om 4, za ta riƙa jan wuta kusan ninki biyu na abin da aka ƙera ta a kai, taransistocin da ke fitar da sauti su yi zafi fiye da kima, kuma a zafin bazarar Jigawa ba za su daɗe ba za su ƙone. Om 16 ba za ta cutar da irin taka ba, sai dai ƙarfin sautin ya ragu. Wat 200 ɗin nan kuma ba ƙarfin da lasifikar take bayarwa ba ne, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kafin ta lalace. Abin da amfilifayarka ta iya bayarwa kawai za ta samu.

Amma kafin maganar saye, ina so ka tabbatar laifin na lasifikar ne. Ka cire amfilifayar daga wuta, ka buɗe yatsunka ka dafa kwalin lasifikar kewaye da tsakiyarsa, ka danna a hankali. Idan ya shiga ya fito babu ƙara, koyil ɗin, wato naɗin siririyar waya da ke motsa kwalin a cikin maganaɗisu, yana zaune daidai. Idan ka ji yana gogawa, to ko ƙurar hunturu ta shiga ramin maganaɗisu, ko zafi ya karkatar da koyil. Ka haska bakin kwalin da tocila ka duba ko ya yage, don ɓera da kyankyaso suna cin sa idan an ajiye akwatin a ɗakin hatsi. Sannan ka bi kusoshin akwatin da sukudireba ɗaya bayan ɗaya. Kayan da ake ɗaurawa a bayan babur ana bin hanyar burji da su, sau da yawa kurarinsu daga kusa ce da ta saki ko ragar gaba da take rawa. Idan akwai mai mitar auna om kusa da kai, ya zare waya ɗaya ya auna lasifikar. Mai om 8 lafiyayya takan nuna wajen 6 zuwa 7, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Tsohon makaɗi, Bichi:

Ɗana, abin da mai gyara ya faɗa maka gaskiya ne, ni kuma zan ƙara da maganar daɗin sauti, tun da shi ka zo nema. Ko da lasifikar abokinka om 8 ce, ba zan so ka saka ta ba. An yi ta ne don ta fitar da waƙar da aka riga aka gama haɗawa, kwalinta mai kauri ne da nauyi saboda dukan ganga da bes, kuma tana jiran ƙaramar lasifikar sama ta cika mata siririn sautin. Idan ka ba ta jita ita kaɗai, za ka ji sautin ya yi nauyi, babu rai a cikinsa. Lasifikar jita kuwa kwalinta siriri ne marar nauyi, tana ɗaga tsakiyar sauti inda muryar jita take, sannan tana yanke siririn sautin da ya haura wajen hats 5,000 a ma'aunin tsinin sauti, shi ya sa tsirkiya ba ta tsira wa mutane kunne ko an ƙure murya. Ita kanta wani ɓangare ne na kayan kiɗan, kamar yadda fatar da aka ɗaura wa gurmi take canza muryarsa ko da makaɗin bai canza ba.

Sunayen da aka sani a wannan fanni su ne Celestion ta Ingila, da Eminence ta jihar Kentaki a Amurka, da Jensen wadda kamfanin Fender ya riƙa sakawa a amfilifayoyinsa na shekarun 1950. A cikin na Celestion, wadda ake kira Greenback wat 25 take ɗauka, don haka ba ta dace da wat 40 ɗinka ba idan ita kaɗai ce, za ka ƙona ta a bikin farko da aka yi a fili. Vintage 30, duk da sunanta, wat 60 take ɗauka, kuma tana da kaifin tsakiya wanda yake ratsa hayaniyar taro. A ganina irin wannan kaifin ne salon kiɗanka yake bukata, ko da yake akwai makaɗan da suke jin ya yi musu tsini idan suna kiɗa a cikin ɗaki.

Akwai lamba ɗaya da masu saye ba sa kulawa da ita, alhali ita ce take nuna tashin murya, wato desibel ɗin da lasifika take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Vintage 30 tana ba da 100. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka wat na amfilifaya, saboda haka wanda ya cire mai 97 ya saka mai 100 kamar ya mayar da wat 40 ɗinsa 80 ne ba tare da ya ƙara jan wuta daga janareta ba. Ga mai kiɗa a filin ƙauye inda babu bangon da zai dawo da sauti, wannan ya fi kowace babbar lambar wat amfani. Idan ka shiga Sabon Gari neman ta, ka tafi da amfilifayarka da jitarka a gwada a gabanka, domin takardar suna abu ce mai sauƙin liƙawa a bayan maganaɗisu, kunnenka ne zai raba maka ta gaske da jabu.

Mai haya da janareta, Gagarawa:

Ina ƙara da cewa a gwada amfilifayar a kan wuta tsayayya kafin a yanke hukunci. Ƙaramin janareta da aka ɗora wa fitilu da fanka da kayan DJ gaba ɗaya, wutarsa tana faɗuwa, kuma amfilifaya mai taransisto idan wuta ta yi mata kaɗan takan fara kurari a manyan tsirkiyu tun kafin murya ta kai inda aka saba.

Mai Jita, daga wajen Gumel:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗaure kusoshin, na kuma gwada ta a kan wutar sola ta wani shagon caji, kurarin yana nan. Da na danna kwalin na ji yana gogawa ta gefe ɗaya, kuma mita ta nuna 6.4. Baba na Bichi, kuɗin sabuwar lasifika ya fi ƙarfina a yanzu. Malam na Ringim, shin a naɗa mata sabon koyil ne? Ko kuwa in sami ƙananan lasifiku biyu na jita in haɗa a wani akwati?

Mai gyaran rediyo, Ringim:

Tun da mita ta nuna 6.4, wayar koyil ba ta tsinke ba, gogawa ce kawai, kuma wannan yana gyaruwa. Mai gyara zai ɗaga murfin tsakiya, ya share ramin maganaɗisu, ya daidaita koyil ɗin ya sake liƙewa. Idan har sai an naɗa sabo, ka tsaya a kan a yi amfani da waya mai kauri ɗaya da ta asali, kuma a auna a gabanka ya dawo kusa da lambar da ka gani. Abin da zan hana ka shi ne ka yarda a canza kwalin da irin mai kauri na lasifikar DJ, ko a shafe shi da gam mai yawa, domin nauyin da za a ƙara masa zai tafi da hasken sautin da Baba ya bayyana.

Haɗa biyu kuma yana yiwuwa idan lissafin ya fita om 8. Biyu masu om 16 a haɗa su gefe da gefe, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun zama 8. Biyu masu om 4 a haɗa su a jere, wayar ɗaya ta shiga ɗayar, su ma sun zama 8. Biyu masu om 8 gefe da gefe kuwa 4 suke bayarwa, ka koma cikin haɗarin da muka fara magana a kai. Kafin ka rufe akwatin, ka taɓa wayoyin da ƙaramin batir na tocila, ka ga kwalayen biyu sun turo waje tare. Idan ɗaya ya fito ɗaya ya shige, suna cinye ƙasan sautin juna, sai ka juya wayoyin ɗaya daga ciki. A shawarata ka fara da gyaran, ka yi bukukuwan bayan kaka da ita, idan kuɗi ya taru ka nemi mai inci 12, om 8, wat 50 ko sama da haka, kuma ka auna ramukan kusoshin akwatinka da zurfinsa kafin ka hau mota zuwa Kano.