Batirin caji na allon Wii Fit: kunshi ko ɗai-ɗai?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Allon Wii Fit, wanda ake hawa a yi motsa jiki da na'urar wasan Wii, yana cin batir huɗu-huɗu. Kunshin nan mai wayar USB ya fi, ko masu caji ɗai-ɗai?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗai-ɗai. Batirin AA takwas na NiMH, irin masu cajin nan, huɗu a ciki, huɗu a ajiye da cajinsu.

Mai Gyara: Alhaji, maganar Injiniya ita ce magana. Kunshin nan ƙananan batura ne aka jona a jere aka rufe da roba. Ɗaya ya mutu, duka sun tashi aiki, kuma ba a sauya shi sai an fasa robar. Masu arahar ba su da abin da ke yanke caji in sun cika, sai a bar su a jone har su yi zafi su lalace. Wasu ma suna toshe jan maɓallin SYNC na haɗa allon da Wii, da ke cikin ramin batir, ranar da allon ya daina ganin na'urar sai an yi dabara.

Lambar da ke jikin batir ma a kula. AA na NiMH na gaskiya yana tsakanin 1900 zuwa 2500mAh, ko sama da haka kaɗan. Ka ga an rubuta 4800, jabu ne. Ka auna shi a hannu: gangariya yana kusan giram 26 zuwa 30, jabu kuwa ba nauyi. Kowane ɗaya 1.2V ne, huɗu sun ba da 4.8V maimakon 6V na batirin yarwa, kuma allon yana aiki da hakan lafiya. Sai dai alamar batir a talabijin ba za ta riƙa nuna gaskiya sosai ba.

Babban haɗari shi ne batirin lithiyam mai lamba 14500. Girmansa ɗaya da AA, ana sa shi a wasu tocila, amma 3.7V ne. Huɗu sun kai 14.8V, allon zai ƙone nan take. A karanta jikin batir kafin a biya.

Ɗan Fagge: Wai har yanzu akwai masu hawa allon nan? Tun 2008 fa.

Baban Ummi: Akwai mana. Kilo 150 yake ɗauka, kai ma zai ɗauke ka in ka rage tuwon dare.

Ɗan Fagge: Ku je filin wasa na Kofar Mata da asuba ku zagaya, ba ruwanku da batir.

Maman Sadik: Mu da ba ma fita da asubar fa? Injiniya, wace caja?

Injiniya: Hajiya, mai kula da kowane rami daban, wadda kowane batir ke da fitilarsa. Irin wadda sai an sa biyu-biyu take aiki, ɗaya zai cika ɗaya bai cika ba. Ki samu mai shigar USB, ko babu wuta fawa banki ko sola za su yi. Batir 2000mAh a kan 500mA zai ɗauki awa huɗu zuwa biyar. Ɗumi kaɗan ba komai, in ba ya riƙuwa a hannu ki cire.

Mai Gyara: Kuma a nemi masu riƙe caji irin Eneloop. NiMH na gama-gari yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, zafin Afrilu kuma yana ƙara masa gudu. Kada a ajiye a mota ko kan taga. Kada a haɗa sabo da tsoho, a sa wa kowane huɗu alama da alƙalamin maka.

Abba: Na lithiyam mai 1.5V da ake caja da Type-C fa?

Injiniya: Yana yi, amma ba ya gargaɗi. Cike zai nuna har ya ɗauke kana tsakiyar motsa jiki.

Maman Sadik: Ramin namu ya yi fari-fari kamar kanwa.

Mai Gyara: Batirin yarwa ne ya tsiyaye a ciki. Ɗan ruwan khal ko lemun tsami a auduga, a goge sifirin da ƙarafan, kada ruwan ya gangara ciki. Ya bushe sarai kafin a mayar da batir, a wanke hannu. In sifirin ya cinye, sai an sauya.

Abba: Ring Fit, wasan motsa jiki na na'urar Switch, ba ya buƙatar duk wannan. Batirin yana cikin Joy-Con, wato rimot ɗinta, kusan awa 20, ka maƙala a jikin Switch ya cika.

Ɗan Fagge: Kuɗin Switch ɗin kai za ka biya masa?

Baban Ummi: To a ina zan samu na gaskiyar, titin Beirut ko Sabon Gari?

Injiniya: Duk inda za ka je, tafi da mitar auna batir. Kuma kada ka karɓi wanda aka ɓare daga kwali.

Abba: Rimot ɗin Wii ma AA biyu ne, ka ƙara huɗu a lissafi.