Ina zan yi IT da zan riƙa rubutu a kan waɗanda aka danne wa haƙƙi?

'Yar Ƙofar Mata

Assalamu alaikum. Yayyena da iyayena, shawara nake nema, kuma lokaci ya fara ƙure min.

Ina aji uku a sashen aikin jarida a nan Kano. Zango mai zuwa za mu fita SIWES, wato IT, horon aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida, kuma an ce kowa ya kawo takardar amincewa daga inda zai yi kafin a gama jarrabawa. 'Yan ajinmu kusan kowa ya san inda ya dosa. Wasu gidan rediyo, wasu talabijin, wasu kuwa ofishin kawunsu, a sa musu hannu a logbuk su koma gida su kwanta. Ni ce na rasa inda zan sa kaina.

Abin da nake so shi ne ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Ba na soyayya ba, kuma ba raini ba ne, da littattafan soyayyar na iya karatun Hausa, a ƙarƙashin bargo da tocilan. Abin da ya juya ni maƙwabciyarmu ce da muke kira Inna. Ɗanta ya yi wata 14 a tsare yana jiran shari'a kan zargin satar waya, ni nake raka ta kai masa abinci. A bakin ƙofa sai an buɗe kular, an tona tuwon da cokali, sannan a ce ta ci loma ɗaya a gabansu. Ranar farko ta ci tana murmushi kamar a gidan suna. Sai da muka shiga adaidaita sahu na ga hannunta yana rawa, ta kasa kwance bakin zaninta ta ciro kuɗin mota. A daren na cika shafi tara na littafin lakca. Daga baya aka sallami yaron, ashe wanda ya kai ƙarar ma ya daɗe da daina zuwa kotu.

A hutun aji biyu na roƙa aka bar ni na yi wata biyu a wani gidan rediyo. Abin da na fito da shi: na iya injin fotokofi, na kuma san mai awarar da ta fi kusa da ofishin. Ba na son in maimaita wannan har wata shida.

To akwai wurin da ɗaliba za ta yi irin rubutun nan, a kuma amince da shi a matsayin IT? Yaya ake shiga in mutum ba shi da kowa? Baba ya ce iyakata Kano, sai ko Kaduna da Abuja inda muke da 'yan uwa.

Anti Mai Rahoto

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki daina neman wurin da wannan sunan, ba za ki taɓa ganin an yi tallan gurbin marubuciyar ƙagaggen labari ba. Ƙofar da ake bi sunanta sashen sadarwa. Kusan duk ƙungiya mai zaman kanta da ke karɓar tallafi tana da shi, wani wurin ma mutum ɗaya ne da kwamfuta da kyamara, aiki ya sha kansa. Shi za ki nema, ba shugaban ƙungiya ba. A Kano ki leƙa CITAD masu aiki a kan fasahar sadarwa, da Isa Wali Empowerment Initiative masu aiki a kan mata da yara, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da take nan tun 1985. A Abuja akwai WRAPA masu kare haƙƙin mata, akwai kuma HumAngle da Ahmad Salkida ya kafa a 2020, masu ba da labaran waɗanda rikici ya shafa. Ki je da ƙafarki, saƙon imel a irin wuraren nan kwanciya yake yi.

Kada ki miƙa wasiƙar makaranta ita kaɗai. Ki haɗa da labarinki ɗaya da bai wuce shafi biyu ba, da sanarwar rediyo ta minti ɗaya da kika tsara da kanki, sai wata takarda ta Turanci da kika mayar Hausa. Ta ƙarshen nan ita ce za ta buɗe miki ƙofa. Masu digiri da Turanci sun cika gari, amma wadda za ta rubuta Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, ta kuma raba kalmomi daidai, sai an tona.

Amma bari in gaya miki abin da ba wanda ya gaya min. Na yi shekara biyu ina wannan aiki a wata ƙungiya a arewa maso gabas. Yawancin abin da ake rubutawa shi ake kira labarin nasara, don masu ba da kuɗi su gani su ƙaro. Akwai wata baiwar Allah da aka ba keken ɗinki, aka tura ni in rubuto yadda rayuwarta ta canza. Da na je ta zaunar da ni a tabarma ta ce, 'yar nan keken dai na sayar, ɗana ne ya kwanta, na yi masa magani, ragowar na sayi akuya. Ga akuyar a ɗaure, har ta haifi biyu. Na rubuto yadda ta faɗa, don ni a ganina wannan ya fi labarin keken daɗi nesa ba kusa ba. Oga ya dawo min da takardar jajawur da biro. A wadda aka aika, tana nan tana ɗinkin kayan makaranta tana godiya. Ni na rubuta ta da hannuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba wai kada ki je ba. Ki je, za ki koyi tambaya da sauraro da rubutu a kan lokaci. Ki dai ajiye naki littafin daban. Kuma duk wanda za ki ɗauki labarinsa, ki karanta masa takardar izinin da Hausa kafin ya dangwala yatsa, don galibi da Turanci take.

Tsohon Furodusa

'Yata, abin da kike nema yana rediyo, kin dai shiga ta ɗakin da ba naki ba. Kin zauna a ɗakin labarai, alhali sashen shirye-shirye ya kamata ki roƙa, wajen masu wasan kwaikwayo.

Aikin nan ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. A 2006 ƙungiyar Population Media Center ta Amurka ta yi wasan rediyo na Hausa a kan yoyon fitsari, aka watsa a Kano da Kaduna. BBC Media Action tana da ofis a Abuja, ta daɗe tana irin waɗannan shirye-shirye. Arewa24 ma da ta fara a 2014, ƙungiyar Equal Access ce ta assasa ta. Duk irin wuraren nan marubuta suke ci, kamar yadda murhu yake cin itace.

Akwai tsarin da ake bi, na wani ɗan Meziko mai suna Miguel Sabido, tun shekarun 1970. Ana gina mutum iri uku: na kirki, da mugu, da na tsakiya mai wasi-wasi. Sababbin marubuta duk ƙarfinsu a kan na kirki da mugu yake ƙarewa, shi ya sa wasansu yake fita kamar wa'azi. Mai sauraro kuwa da na tsakiyar yake tafiya, don shi ne kamarsa. A labarinki ba Inna ce ta tsakiya ba. Ki nemo ma'aikacin nan mai cokali. Yana da uwa? Me yake ji idan ya ce tsohuwa ta ɗanɗana? Ranar da kika iya rubuta shi ba tare da kin mai da shi Fir'auna ba, kin zama marubuciya.

Ga dabara. Ki mayar da shafi taran nan wasan minti biyar. Ki tara ƙawayenki uku, ku shiga ɗaki mai katifa da labule don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ku kashe fanka, ku ɗauka da waya. Shi za ki kai wa shugaban shirye-shirye. Takarda a aljihun tebur take kwana, amma abin da ya ji da kunnensa zai tuna. Ki kuma tambaye shi tun ranar farko, a gaban wanda zai sa miki hannu a logbuk, cewa za a bar ki ki zauna a taron marubuta. In an yi shiru, kin san fotokofi ce ke jiranki.

Ɗan Samaru

Ƙari a kan maganar Baba Furodusa. Ni wasan kwaikwayo na karanta a ABU Zariya, inda tun zamanin malaminmu na farko-farko Michael Etherton a tsakiyar shekarun 1970 ake fita da ɗalibai cikin Samaru da ƙauyukan kewaye irin su Bomo. Ba a zuwa da rubutaccen wasa. Sai an zauna da mutane an ji damuwarsu, taki ne ko ruwa ko filin noma, a haɗa wasa da abin da suka faɗa, a yi shi a gabansu a dandalin gari. In kun yi ƙarya a nan take wani tsoho zai miƙe ya ce ba haka ake yi ba. Farfesa Oga Steve Abah ya yi shekaru a kan wannan aiki.

Tambayata gare ki 'yar uwa: Inna ta san kin rubuta ta?

'Yar Ƙofar Mata

Wallahi ba ta sani ba. Ban ma taɓa kawo abin a raina ba, tunda na canza sunaye. Kun sa na ji kunya.

Lauyan Unguwa

Malama, ni zan ɗan saɓa wa na sama. Duk sun yi miki maganar inda za ki iya rubutu, babu wanda ya yi maganar inda za ki san abin da kike rubutawa. Na karanta labarai da yawa a kan kotu da kurkuku, niyya mai kyau, amma daga shafin farko za ka gane marubucin bai taɓa zama a bencin kotun majistare ba. Alƙali yana buga guduma, lauya yana kuka, a gama shari'a rana ɗaya. Ainihin abin da yake cin mutane ba shi da wannan armashin. Fayil ne da ba a kawo ba, mai gabatar da ƙara da aka canza wa wurin aiki, motar da ba ta da man kawo fursuna, sai a ɗage zama zuwa wata biyu.

Misali, kin san sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu? Sashen ya kuma ce wanda yake tsare, in an yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, da sharaɗi ko ba sharaɗi, sai dai in laifin na hukuncin kisa ne. Ɗan Inna ya yi wata 14. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don duba waɗanda ke tsare, Kano ma ta yi tata a 2019. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke. Labarinki yana tsakanin abin da takarda ta ce da abin da Inna ta gani.

Ki gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1995, dukkansu suna da ofis a Kano, suna kuma buƙatar mai wayar da kai da Hausa. In sashenku bai yarda da su ba, ki yi rediyonki, ki nemi rana ɗaya a mako ki je kotu. Zaman kotu galibi a buɗe yake ga kowa, ki sa wayarki a shiru, ki zauna a baya da biro. Sharaɗi ɗaya: abin da kika gani a fayil amana ne, kuma shari'ar da ba a gama ba, ba a yi mata wasan kwaikwayo.

'Yar Ƙofar Mata

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai takarda wuri uku da kayan da Anti ta lissafa, gidan rediyo ɗaya ya ce in dawo da wasan su ji. Kodinetanmu ya ce ranar kotun ba matsala in dai wurin ya yarda na rubuta ta a logbuk.

Yaya Ɗan Samaru, jiya bayan la'asar na karanta wa Inna. Ta saurara tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama. Gyara biyu ta yi min. Ta ce ranar farkon dambu ta kai, ba tuwo ba. Sannan ta ce na rubuta wai tsoro ne ya sa hannunta rawa, to ba tsoro ba ne, baƙin ciki ne, a ce ita za ta sa wa ɗan cikinta guba. Ta yarda in yi wasan, amma ɗan nata ya ce a cire zancen waya, a mai da shi wani abu daban, don kowa a layinmu zai gane, shi kuma aure yake nema. Na mai da shi buhun siminti.

Baba Furodusa, wajen ɗanɗanon ne ya gagare ni. A rediyo ba a ganin murmushi, ba a ganin hannu. Yaya zan yi a ji?

Tsohon Furodusa

Kada kowa ya yi bayani. A ji buɗe murfin kula, a ji cokali yana kartar gindinta. Ma'aikacin ya ce, "Bismillah Hajiya." Ki bar shiru na daƙiƙa uku, ki ƙirga su, masu wasa suna tsoron shiru za su so su cike shi, ki hana. Sai ta ce, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan," ta yi 'yar dariya. A cikin adaidaita kuma direba ya ce kuɗin mota, ya sake cewa, ya faɗa karo na uku da ɗan faɗa, sannan yarinyar ta ce, "Bari Inna, zan biya." Ki ɗauka sau biyu, ki kai wa Inna ta zaɓa.