Neman kalma: me za mu kira “zone blitz” da Hausa?

Mai Fassarar Wasanni:

Assalamu alaikum. Ina neman gudummawar masana zari-rugar Amurka da masana harshe. Akwai wata dabarar tsaro da masu sharhin NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da na wasannin jami'o'i ke yawan ambata, wato “zone blitz”. In aka rubuta “zon bilis” ba a gaya wa mai karatu komai ba. Kalmomi uku ne a hannuna: farmakin yanki, samamen shiyya, da dirar mikiya. Wacce ta fi dacewa, musamman inda ake amfani da dabarar don tare masu gudu da ƙwallo, ba masu jifa ba?

Koci:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a raɗa suna, a fara ganin jaririn.

Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsaron yau da kullum, mutum huɗu na sahun gaba ne ke afka wa madugu, wato wanda ke karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa, sauran bakwai suna gadi. Da zarar masu afkawa sun kai biyar ko fiye, shi ne “bilis”. A tsohon salo, tun da an rage masu gadi, kowannensu sai ya riƙe mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya nufa. In ɗaya ya zame, shi ke nan, sau da yawa babu kowa a bayansa.

Dabarar da kake tambaya ta sauya abu biyu. Na ɗaya, masu gadi ba mutum suke bi ba, wuri suke tsarewa. Na biyu, akwai musanya: wanda ake zaton zai tsaya a baya shi ke shigowa, wani ƙato na sahun gaba da ake zaton zai shigo kuma ya ja da baya ya tsare wuri. Mafi shahara a cikinta ita ce biyar su shiga, uku su tsare kusa, uku su tsare nesa. Duk sunan da bai ɗauki shiga da tsarewa a tare ba ya bar rabin abin a ƙasa.

Malam Mai Ƙamus:

Madalla da wannan bayani, Koci. Ita kalmar “blitz” asalinta Bajamushiya ce, ma'anarta walƙiya, ta shiga Turanci ta hanyar salon yaƙin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Wani zai ce to a kira ta “walƙiya” kawai. Ban goyi baya ba, domin Bahaushe in ya ji walƙiya a filin wasa, saurin ɗan wasa zai fahimta.

“Samame” na jami'an tsaro ne, ana kai shi gidan da mutane ke zaune ba su sani ba, kuma kama mutum ake zuwa yi. “Dirar mikiya” na da daɗin faɗa, amma daga sama take zuwa, kuma mikiya ɗaya ce ke dira a kan abu ɗaya. “Farmaki” ya fi su kusa, sai dai yana nuna kowa ya fita babu mai tsaron gida, wanda shi ne akasin abin da Koci ya kwatanta.

Ina ba da shawarar “kutse”. Mai kutse ratsawa yake yi ta tsakanin mutane, ta wata 'yar kafa, ba tare da an ba shi hanya ba. An saba da ita a kutsen layi da kutsen intanet, ba baƙuwa ba ce. Kuma tana da aikatau mai sauƙi: ya kutsa, sun kutso.

Ɗan Sahun Gaba:

Allah ya gafarta Malam, kalmar “kafa” da ka ambata ita ce zuciyar maganar, domin tare gudu gaba ɗaya lissafin kafofi ne. Bari in shimfiɗa shi dalla-dalla, sai a gwada sunan a kai.

Masu share hanya, wato sahun gaba na ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo, biyar ne. Don sauƙi zan kira na tsakiya cibiya, biyun da ke gefensa dogarai, biyun da ke bin su ginshiƙai. Sau da yawa akan ƙara na shida a gefe ɗaya, in kira shi ɗan ƙari, gefen da ya tsaya shi ne gefen ƙarfi. Tsakanin cibiya da dogari kafar A, tsakanin dogari da ginshiƙi kafar B, bayan ginshiƙi kafar C, bayan ɗan ƙari kafar D. Gefen ƙarfi kafa huɗu, gefen rauni uku, bakwai ke nan. In akwai mai share hanya a baya da ke shiga gaban mai ƙwallo, duk inda ya kutsa ya raba kafa ɗaya gida biyu, sun zama takwas. Dole kowace kafa ta sami mai ita.

Ga yadda ake kiran dabarar daga gefen ƙarfi, da huɗu a gaba da uku a sahu na biyu. Ukun nan Amurkawa na yi musu laƙabi da Sam, Maik da Wil: na gefen ƙarfi, na tsakiya, na gefen rauni.

Ɗan ƙarshen sahu na gefen ƙarfi yana tsaye a kafaɗar ginshiƙi ta waje. Ana ɗaga ƙwallo, wato cibiya na miƙa wa madugu a fara wasa, sai ya tsallake kafar B ya faɗa kafar A. Takunsa na farko a kwance yake, zuwa gefe, ba gaba ba, idonsa a kan dogari. In dogari ya taso masa, ya gitta ta gaban fuskarsa. In dogari ya juya ya tafi ciki, ya bi ta bayansa a manne. Mai tsaron da ke fuskantar cibiya ya gitta zuwa kafar A ta gefen rauni. Maik, daga nisan yadi huɗu zuwa biyar, ya jinkirta ƙiftawar ido har ɗan ƙarshen ya wuce, sannan ya bi ta bayansa ya faɗa kafar B. Sam ya sauko ta gefe a matse ya rufe kafar C; in wani ya zo ya ture shi waje, ya shiga ta gefensa na ciki, ya tilasta wa mai ƙwallo ya fita gefe. A can gefen, ɗaya daga masu tsaron nesa ya riga ya gangaro yana jiransa a kafar D. A gefen rauni, na ciki ya riƙe kafar B, ɗan ƙarshe ya riƙe C. Wil ya rage ba shi da kafa, aikinsa bin mai share hanyar baya duk inda ya shiga.

Ku ƙirga: takwas a kan takwas, uku na can baya.

Mai Fassarar Wasanni:

Na gode, Yaya. Amma ɗan ƙarshen gefen rauni ba shi ne Koci ya ce yana ja da baya ba? Yaya zai riƙe kafar C kuma ya koma gadi?

Ɗan Sahun Gaba:

Tambayar ke nan da ta fi kowace muhimmanci. Ba ya ja da baya sai ya tabbata jifa ne. Takunsa na farko gaba ne, ya dafa ginshiƙi da hannu biyu. In ginshiƙi ya taso da kansa a sunkuye yana turi, gudu ne, sai ya tsaya a kafarsa kamar babu wata dabara da aka kira. In ginshiƙi ya miƙe ya ja baya, jifa ne, sai ya buɗe ƙugu ya koma yadi goma zuwa sha biyu, na ciki kuma ya zagayo waje ya maye gurbinsa don kada madugu ya sulale ta gefen. Wannan taku na farko yana da wani amfani: ginshiƙi ya ɗauka shi zai tare, ya ɓata lokacinsa a kan mutumin da ba zai zo ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ya gudu baya tun kafin ya karanta ginshiƙi, don yana tsoron kada ya makara. Sai a miƙa ƙwallo ta gefensa, a tarar da ƙofa a buɗe.

Hajiya Mai Sharhi:

A ƙara tarihi kaɗan, don yana taimaka wa zaɓen suna. Kocin tsaro Bill Arnsparger ya fara wasa da irin wannan musanya a ƙungiyar Miami Dolphins a farkon shekarun 1970, inda ya riƙa sa Bob Matheson, mai lamba 53, wani lokaci ya shigo wani lokaci ya koma gadi. Dick LeBeau ne ya mayar da ita cikakken tsari sa'ad da yake jagorantar tsaron Cincinnati Bengals daga 1984 zuwa 1991, sannan ya tafi Pittsburgh Steelers a 1992 ya haɗu da Dom Capers, jagoran tsaron ƙungiyar a lokacin, a nan ta yi suna. LeBeau ya dawo Pittsburgh a 2004, ƙungiyar ta ci Super Bowl, wato kofin NFL, na kakar 2005 da na 2008 yana riƙe da tsaronta.

Abin lura, don maganin gajerun jifa masu sauri aka ƙirƙiro ta: madugu ya ga an kutso, ya yi maza ya jefa inda yake zaton babu kowa, ya tarar da ƙato a wurin. Amfaninta a kan gudu daga baya aka ƙara gane shi. Masu share hanya suna raba aiki ne tun kafin a ɗaga ƙwallo: kai ka ɗauki wancan, mu biyu mu danne wannan. Da mutum uku ko huɗu sun sauya kafa a lokaci guda, rabon ya rushe. Biyun da suka shirya danne na kan cibiya sai su dafe iska, Maik kuma ya shigo ta inda babu wanda aka ba shi. Shi ya sa ake son kiranta a yunƙurin farko cikin huɗun da ake ba su don cin yadi goma. In aka kayar da mai ƙwallo yadi biyu a bayan layin da aka ɗaga ƙwallo, saura yadi 12, kuma an kusa tilasta musu jifa.

Ni sunan da nake so shi ne “kutsen musanya”, don musanyar ce ta bambanta ta da kowane kutse.

Koci:

Hajiya, musanyar gaskiya ce, amma ba kullum take nan ba. Ƙungiyar da ke tsayar da uku a gaba da huɗu a sahu na biyu tana iya shigar da biyar, ta bar shida suna tsare wurare, ba tare da wani ɗan sahun gaba ya ja baya ba, kuma sunan dabarar bai canja ba. Abin da ba ya ɓacewa shi ne gadin wuri a bayan masu kutse.

Tun da ana maganar gudu, ga inda take karyewa, don mai sharhi ya san abin da zai kira da suna.

Mafi muni, mutum biyu a kafa ɗaya. Yawanci Maik ne ya yi gaggawa ya ci karo da ɗan ƙarshe a kafar B, kafar A ta zauna babu kowa, mai ƙwallo ya bi ta tsakiya a miƙe. Daga nan babu mai tare shi sai Wil, in shi ma an tare shi sai na can baya a nisan yadi goma sha biyu. Wannan shi ne kuɗin da ake biya: a tsaron yau da kullum mutum uku ne a sahu na biyu masu gyara kuskure, a nan ɗaya ne.

Sai kwashewa. In masu share hanya na tafiya gaba ɗaya zuwa gefen da sahunmu ya karkata, ginshiƙi zai sa hannu a bayan ɗan ƙarshen da ke tsallakawa ya ƙara masa gudu, ya wuce kafarsa da yadi biyu ko uku. Mai ƙwallo ya yi kwana ya dawo ta inda aka bari. Maganinsa, mai tsallakawa ya dasa ƙafarsa ta ciki da zarar ya isa kafar, ya miƙe gaba, kada ya ci gaba da tafiya a kwance. Sam kuma ya matso ya rufe bayan.

Akwai kuma nuna kai da wuri. In Maik ya fara rarrafowa tun madugu na kiran lambobi, madugu zai sauya wasan ya tura gudu ɗaya gefen. A tsaya cik har ƙwallo ya motsa. Wanda ya kutsa kuma kada ya zarce. Yadi ɗaya zuwa biyu a bayan layi ya isa, ya rage tsawo ya nemi ƙwallo. Wanda ya yi zurfin yadi biyar ya fitar da kansa daga wasan.

Game da gefen da za a kira ta: a wasan jami'o'i tazarar layukan da ake ajiye ƙwallo ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da inci 6. Saboda haka a jami'a sau da yawa gefe ɗaya na fili ya fi ɗaya faɗi sosai, kuma daga faffaɗan gefen aka fi kawo kutsen.

Malam Mai Ƙamus:

To, hujjar Koci ta kayar da “musanya” a matsayin babban suna, amma Hajiya, kalmarki ba ta faɗi ƙasa ba, za ta zauna a kan irin da ɗan sahun gaba ke ja da baya.

Saura rabin na biyu. “Kutsen yanki” ko “kutsen shiyya” zai sa a ɗauka yankin ake kutsawa, alhali tsare shi ake yi. Hausa na da ginin da ya dace da aiki biyu a lokaci guda, irin na “faɗi-tashi” da “kai-da-kawowa”. Sai mu ce “kutse-da-gadi”. Na zaɓi “gadi” a kan “tsaro” don tsaro ya riga ya zama sunan ɓangaren gaba ɗaya, kuma mai gadi wuri aka ba shi, ƙofa ko shago, ba mutum yake bi ba. Wancan tsohon salon kuwa da kowa ke bin nasa sai ya zama “kutse-da-bi”.

Gargaɗi ɗaya ga masu rubutu: kafa da ƙafa. A wannan wasa duka biyun na zuwa a jimla ɗaya, kamar yadda Koci ya ce a dasa ƙafa a cikin kafa. Wanda allon rubutunsa ba shi da ƙ mai lanƙwasa ya yi amfani da “giɓi” a madadin kafa.

Ɗan Sahun Gaba:

Na karɓa, Malam. A fili tsawon suna matsala ne, mai kiran wasa daƙiƙa kaɗan gare shi, don haka a baki za a gajarta: “Kutse, ƙarfi!” ko “Kutse, rauni!” Tsarin biyar da uku da uku a bar shi da lambobinsa, biyar-uku-uku, kowa zai gane. Tafiyar ɗan ƙarshe daga C zuwa A kuma ina ganin “dogon tsallake” ya ishe ta.

Mai Fassarar Wasanni:

Allah ya saka da alheri. Ga gwaji, a gyara mini in akwai kuskure: “A yunƙurin farko sun kira kutse-da-gadi daga gefen ƙarfi. Ɗan ƙarshe ya yi dogon tsallake ya toshe kafar A, Maik ya kutso ta B babu mai tare shi, aka kayar da mai ƙwallo yadi biyu a bayan layi.”

Koci:

Ta zauna. Sai dai in za ka rubuta wanda bai yi nasara ba, ka faɗi kafar da aka bari da wanda ya bar ta: “Ɗan ƙarshen gefen rauni ya koma gadi tun bai karanta ginshiƙi ba, aka bi ta kafar C.”