Ƙofar garejina tana cin tsatsa a Fatakwal, yaya zan kula da ita?

Baban Ummi, Fatakwal

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙarfe ko suka daɗe da zama a Kudu. Shekara biyu ke nan da aiki ya kawo ni Fatakwal daga Kano, kuma gidan da nake haya yana da garejin ajiye mota mai ƙofar ƙarfe irin wadda ake naɗewa sama, kamar ta shagunan kasuwa. Lokacin da na tare, da hannu ɗaya nake ɗaga ta, amma yanzu sai na sa hannu biyu da nishi, ga kuma ƙara da take yi wadda take tayar da maƙwabta idan zan fita da sassafe. Ƙasanta ya yi ja da tsatsa, fentin yana kumbura yana ɓarewa, kwaɗon da nake rufe ta da shi ma sau biyu ina canzawa saboda cijewa. A Kano mun shekara fiye da goma da irin wannan ƙofa a shagon mahaifinmu, kuma ban da baƙin mai babu abin da muke zuba mata. Na yi mata haka a nan, ta yi sauƙi na mako biyu, sannan ta koma ta fi da tauri. Mai gidan ya ce kulawar tana wuyana tunda lafiya ƙalau na same ta, kuma na ga gaskiyarsa. Me ya kamata in riƙa yi mata, kuma sau nawa a shekara?

Mai Walda, Agege, Legas

Wa alaikumus salam Malam. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne ƙarfen Kano da na Fatakwal abokin gabarsu ba ɗaya ba ne. A Kano ƙura ce take damun ƙofa, ita kuwa ƙura ba ta cin ƙarfe matuƙar wuri a bushe yake. Fatakwal kuwa ruwan da take samu a shekara ya haura milimita 2,000, wato ninki biyu da ɗoriya na abin da Kano take samu, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar kanta a jiƙe take. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da iska da laima, saboda haka duk inda fenti ya ɗan kwarzane, ko da kamar tsagar farce ne, nan za ta shiga ta yi ta ci ta ƙarƙashi, shi ne kumburin da kake gani. Ga kuma baƙin toka na hayaƙi da mutanen garinku suka fara kuka da shi a 2016, wanda yake kwanciya a jikin ƙofa ya riƙe danshi.

Maganar baƙin mai kuwa, ina roƙonka ka daina. Man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin injin, kuma idan ka zuba shi a hanyar da ƙofar take bi ta gefe da gefe sai ya kama yashi da toka ya zama kamar kwalta. Ka samu tsumma da ɗan kananzir ka goge hanyoyin nan biyu tas, tun daga sama har ƙasa, musamman can ƙasa inda datti yake taruwa ruwa ya kwanta a kai.

Gyaran tsatsar ka jira rani, Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu yake ɗan leƙo ku. Ka wanke ƙofar da ruwa da sabulu, ka bari ta bushe, ka kankare duk fentin da ya kumbura da burushin waya, ka bi da samfefa har sai ka ga farin ƙarfe. A ranar da ka kankare, a ranar za ka shafa jan fentin nan na hana tsatsa da muke fara shafawa, domin ƙarfen da aka tsiraita aka bari ya kwana a garinku da safe za ka tarar ya fara sauya launi. Bayan ya bushe sai a bi da fentin mai, a shafa sau biyu. Kada a yi fenti da sassafe raɓa tana jiki, kuma kada a manta da cikin ƙofar da bakinta na ƙasa, domin aikin da aka fi kawo mini a nan Legas shi ne ƙofar da fuskarta take ƙyalli amma ƙasanta ya rube ta ciki.

Injiniya Abu Safwan, Abuja

Duk abin da Malam mai walda ya faɗa daidai ne, sai dai ni nauyin da ka ce ƙofar ta ƙara shi ya fi tsaya mini a rai fiye da tsatsar da ake gani. Irin wannan ƙofa ba ƙarfin hannunka ne yake ɗaga ta ba, akwai sifirin a can sama inda take naɗewa, wanda aka murɗe da ƙarfi domin ya ɗauki nauyinta. Bayan ka goge hanyoyin, ka ɗaga ƙofar zuwa daidai ƙugunka ka sassauta hannu a hankali, babu yaro a kusa. Idan ta tsaya ko ta ɗan motsa kaɗan, sifirin yana da lafiya, datti ne ya hana ta tafiya. Idan kuwa ta nemi faɗowa da ƙarfi, to sifirin ya saki ko tsatsa ta ci shi, kuma a nan aikinka ya ƙare. Kada ka kwance ko noti ɗaya a wurin, kada kuma ka bar wanda bai saba ba ya taɓa, domin sifirin da yake a murɗe idan ya kuɓuce yana karya hannu, yana iya yin abin da ya fi haka. Ka kira wanda sana'arsa ce haɗa irin ƙofar.

Abin da za ka iya yi da kanka shi ne feshin mai. Ka nemi na gwangwani mai silikon, ko farin giris na feshi, ka fesa kaɗan a kan sifirin da boris na gefe da sakata, ka ɗaga ƙofar ka sauke sau uku ko huɗu domin ya ratsa, sannan ka goge wanda ya zubo. Hanyoyin gefe ba a cusa musu giris, silikon kaɗan ya isa. Mutane da yawa suna sayen man feshin nan da ake kira WD-40 su ce sun gama, alhali shi amfaninsa korar ruwa da sassauta abin da ya cije, ba ya daɗewa a jiki, don haka a bi bayansa da mai na gaske. A Abuja sau biyu a shekara yana isa, amma a Fatakwal ina ganin duk wata uku, wanki kuma duk wata, tunda damina a can ta kan kama tun daga Maris har wajen Nuwamba.

Ga masu ƙofa mai inji da rimot da suke karantawa, ku riƙa ajiye guntun katako a ƙasa ku sa ƙofar ta sauko a kansa. Idan injin yana da na'urar kariya ya kamata ta koma sama da zarar ta taɓa shi, idan ba ta koma ba a duba ta kafin yara su ci gaba da wucewa ta wurin.

Maman Sadik, Kumasi

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ma'aikaciyar ƙarfe ba ce, amma mun sha wannan wahala a gidanmu, kuma abin da ya ba mu mamaki shi ne rabin laimar daga cikin garejin take fitowa. Maigidana ya kan dawo cikin ruwan sama ya shigar da mota tana ɗiga ya rufe, wuri babu taga, da safe sai ka ga cikin ƙofar yana gumi, bango kuma ya yi funfuna. Da aka fasa ƙananan tagogi biyu masu raga a bangon sama, muka kuma saba barin ƙofar a ɗage na awa ɗaya idan rana ta fito, sai abin ya ragu ƙwarai. Ka duba kuma ko ruwa yana kwanciya a bakin ƙofar bayan an ɗauke, domin namu simintin ya karkata ne zuwa ciki, sai da aka yi ɗan tudu da ƙaramar magudana. Robar da take ƙasan ƙofa idan ta tsage a canza ta. Kwaɗo kuma ka sayi na tagulla, ka yanko guntun tsohon tif na mota ka rufe shi daga ruwan sama.

Baban Ummi, Fatakwal

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya Asabar na goge hanyoyin da kananzir, abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara, kuma ƙarar ta ragu sosai. Na gwada abin da Injiniya ya ce, ƙofar ba ta faɗo ba amma tana zamewa a hankali, don haka na yi magana da mai gidan a kan a kira mai gyara ya duba sifirin. Hajiya, gaskiya ne, ruwa yana kwanciya a kusurwar hagu, kuma nan ne tsatsar ta fi yawa. Malam mai walda, falle na ƙarshe na ƙasan ƙofar ya huje a wuri biyu, shin fenti zai riƙe shi zuwa Disamba?

Mai Walda, Agege, Legas

Fenti ba ya toshe huji, Malam. Idan mai gyaran sifirin ya zo, ka ce ya zare fallen nan ya sa sabo, tunda irin ƙofar falle-falle ake sarƙa ta, kuma a shafa wa sabon jan fenti ciki da waje kafin a ɗora shi. Amma a fara gyara kusurwar da ruwa yake kwanciya tukuna.