Filayen bakin rafi a Kubwa, Lugbe da Lokogoma: ina iyakar ruwa take?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. A cikinmu akwai masu awon fili, injiniyoyi, magina da masu tsara birane. Duk damina sai an ji ruwa ya shiga gidaje a Lokogoma ko Lugbe a Abuja, kuma ba a manta da ambaliyar rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe ta Yunin 2023 ba. Kowa ya faɗi abin da yake gani a bakin aiki: ta yaya za a tsara gine-gine a gefen kogin Usuma da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa?

Safiyo, Kubwa: Wa alaikumus salam. Matsalar tana farawa tun ranar duba fili. Yawancin masu saye da rani suke zuwa, lokacin da rafin bai wuce a tsallake shi da ƙafa ba, sai a auna tazara daga bakin wannan ɗan ruwan. Asalin iyakar rafi ita ce inda ruwa ke kaiwa a Agusta da Satumba, kuma yana barin shaida: ledoji da tsummoki maƙale a rassan itatuwa, layin laka a jikin katangun maƙwabta, baƙar ƙasa mai danƙo da ke tsagewa da rani, da wurin da mutanen ƙauye ke shuka shinkafa ko rake. Duk inda aka ga waɗannan, fadama ce. A sa na'urar awo a ɗauki tsayin alamar da ta fi kowacce bisa, a zana ta a taswira, sannan a fara lissafin tazara daga nan. A kuma tambayi dattawan Gbagyi na wurin, sun san shekarun da ruwa ya fi hawa.

Injiniyan magudanan ruwa: Malam Safiyo, alamar bara ma ba ta isa ba, domin ruwan baɗi zai fi shi. Daji yana shanye mafi yawan ruwan sama, abin da ke gangarowa bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba. Idan aka rufe wurin da kwano, kwalta da intalok, sai ya kai kashi 80. Ɗauki hekta 10, a yi ruwa mai ƙarfin milimita 100 a awa: kafin gini kusan kyubik mita 0.8 ke sauka a daƙiƙa, bayan gini ya haura 2.2. Kwalbatin bututu mai faɗin milimita 900, wanda masu rukunin gidaje suka fi sakawa saboda araha, abin da yake iya ɗauka bai wuce kyubik mita 1 da ɗoriya ba, shi ma idan babu yashi da robobi a ciki. Sauran ruwan sai ya taru a bayansa kamar madatsa, ya hau titi, ya shiga falo. Don haka girman kwalbati ana lissafa shi da yadda duk unguwannin da ke sama za su kasance bayan sun cika da gini. Inda rafi ne na gaske, kwalbatin akwati mai baki biyu ko uku ake yi, ko gada, kuma a bar hanyar da mota za ta shiga kwashe yashi kafin watan Mayu.

Birkila, Lugbe: Injiniya, mu abin da masu gida ke sa mu shi ne ciko: tifa 30 ko 40 na jar ƙasa, a ja katanga ta bakin ruwa, a ɗaga daɓe. Idan an daddanne cikon da inji kashi-kashi, kowane kashi kamar santimita 15 zuwa 20, yana zama. Idan an juye shi lokaci guda, damina biyu bango ya tsage.

Injiniyan magudanan ruwa: Gidan zai iya zama, amma ruwan da ke kwanciya a wurin ina zai tafi? Gidan da ke tsallake ko na ƙasa zai koma. Katangar kuma tana matse rafin, gudunsa ya ƙaru, ya riƙa cin ƙarƙashin fandisho har ta kife. Katangar bulo mai inci 9 ba a yi ta don tare ruwa ba. Inda gaɓa ke zaftarewa, gara a kwantar da ita, a jera duwatsu cikin ragar waya a ƙasa, a shuka jema da gora a sama.

Hajiya, mai tsara birane: Duk abin da kuka faɗa yana nuna cewa ba a tsara bakin kogi fuloti-fuloti. Babban tsarin Abuja na 1979 ya bar kwaruruka da hanyoyin ruwa a matsayin korayen wurare, kuma cikin gari inda aka kiyaye hakan ba a cika jin kuka ba. Garuruwan gefe ne suka cika kafin tsari ya riske su. Abin da ya dace a bi kogin daga sama har Gwagwalada a raba shi uku. Cikin ruwa da gaɓarsa, babu gini, babu ɗibar yashi, babu juji. Fadama a bar ta ga lambu, filin ƙwallo, wurin shaƙatawa, abubuwan da ruwa zai kwanta a kansu kwana biyu ya janye ba a yi asara ba. Gidaje sai a tudu, daɓensu aƙalla rabin mita sama da iyakar ambaliya. Kuma ina roƙo, titi ya bi tsakanin gidaje da fadamar. Idan gidaje suka juya wa rafi baya, nan shara da bututun sokawe ke ƙarewa, sannan a hankali kowa ya ƙara katangarsa ciki.

Lauya, Gwarimpa: Hajiya, ƙarin bayani ga masu saye. A Babban Birnin Tarayya Minista kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar mai unguwa ko ta ƙaramar hukuma ba ta wadatar ba. A kai lambar fulotin zuwa AGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, a yi bincike, a ga ko yana cikin tsararren zane da kuma abin da aka ware shi dominsa. Sannan izinin gini daga sashen kula da gine-gine daban ne da takardar mallaka. Wanda ya gina a hanyar ruwa babu izini, ranar rusau da wuya ya ga diyya.

Safiyo, Kubwa: Barista, a haɗa da wannan: bayan binciken takarda a sa safiyo ya dasa lambobin kusurwa a ƙasa, domin ana nuna wa mutum takardar fulotin tudu alhali filin da aka tsayar da shi a kai na cikin kwari ne. Idan da hali, kada a biya sai an je wurin da safe bayan ruwan dare a watan Agusta.