Walimar aure a kan dutsen Riruwai, zai yiwu kuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Bayan ƙaramar sallah za a ɗaura min aure, amarya ta ga bidiyo a Facebook turawa na biki a saman dutse cikin daji, ta ce ita ma haka take so ko da hotuna ne kawai. Sai Riruwai, garin nan mai duwatsu a jihar Kano, ta faɗo min a rai, to wa zai mana jagora?

Kawun Yara:
Ɗana Allah sa alheri, amma ɗaurin aure dai a bar shi a masallaci. Wa zai ɗora liman da kakarka kan dutse?

Mai Kwari Doguwa:
Ango ka fara zuwa gun dagaci ka gaishe shi, shi zai haɗa ka da mafarauci ɗan gari wanda ya san hanya, don wajen nan akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza tun zamanin turawa, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, baƙo ba zai gani ba sai ya afka. Ku fita da sassafe, kambas za ku saka ba silifas ba, ruwa jarka guda, kar wanda ya zura hannu a kogo saboda maciji. In damina ta sauka dutsen santsi yake yi wallahi, ku bari sai kaka. Kuma dajin Falgore za ku ratsa, kar magariba ta same ku a hanya.

Anti Rabi:
Amarya da leshi da lalle za ta hau dutse? Hhhh ku kai ta gindinsa a ɗauki hoton ku dawo gida a ci waina.